Wutar Daji da Gidan da ke Bakin Gari

Kowace shekara, idan damina ta ɗauke a ƙasar Kabi, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, matafiyin da ya tashi daga Gwadangaji ya nufi Argungu da dare yakan hangi jan layin wuta can cikin daji. Wani lokaci maharba ne suka cinna ta don su kori gafiya da zomo, wani lokaci makiyayi ne ke neman sabon toho, wani lokaci kuwa manomi ne ya ƙona karan shinkafa don ya shirya fadama saboda noman rani, iska ta ƙwace masa. Saboda sabo, ba mai tsayawa ya duba. Abin da wannan lacca za ta bincika shi ne yadda wutar nan take barin daji ta shiga gida, da irin ginin da yake hana ta shiga. Za a fara da misali daga wuri mai nisa, watau gidajen duban taurari, domin a can ne masana suka yi hasara mai yawa, suka kuma rubuta dalilinta filla-filla.

Gidan duban taurari gini ne mai ƙubba wadda ake buɗewa da dare, a cikinta akwai babban madubin hangen nesa. Ba a gina shi a tsakiyar birni, gama hasken fitilu da hayaƙi suna dushe taurari. Sai a nemi ƙwanƙolin dutse inda sama take garau, iska busasshiya, mutane kuma suna nesa. To, waɗannan abubuwa da mai duban taurari yake so, su ne wutar daji take so. Ga bushewa, ga iska, ga itatuwa kewaye, ga hanya guda ɗaya tak ta hawa da sauka. Har ila yau wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, domin harshenta yana kwantawa a kan ciyawar da ke gabanta ya gasa ta tun kafin ya iso. Masu kashe gobara a Ostareliya sun ƙiyasta cewa duk ƙarin gangare na digiri 10 yana ninka saurin wuta sau biyu.

Ranar 18 ga Janairu, 2003, wutar daji ta afka wa birnin Kanbera, hedkwatar Ostareliya. Mutum 4 suka rasu, gidaje wajen 500 suka ƙone. A bakin birnin akwai dutsen Stromlo, inda Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya take da gidan duban taurari wanda gandun itatuwan fayin ya kewaye. Manyan madubai 5 suka salwanta a yini guda, har da mai faɗin inci 74, da wani tsoho da aka ƙera a Dublin a 1868. Ɗakin karatu ya tafi, maƙera ta tafi, tare da wata na'ura da aka kusa gamawa wadda za a kai wani gidan duban taurari a Hawai. Madubi ana iya sayen wani, amma takardun da malamai suka tara shekara da shekaru ba su da kasuwa.

Jami'ar nan tana da wani gidan a dutsen Siding Spring. Bayan abin da ya faru sai ta ɗauki shawarar karin maganar nan ta mai gemu, ta shafa wa nata ruwa. Aka sassare ƙananan itatuwan da ke jikin gine-gine, aka sa ragar ƙarfe a kafofin shan iska, aka tsara yadda ma'aikata za su fita da wuri. Shekara goma cif bayan ta Stromlo, a Janairun 2013, wuta ta hau Siding Spring. Masaukin baƙi ya ƙone, gidaje fiye da 50 suka ƙone a karkarar da ke kewaye, amma ba madubi ko ɗaya da ya salwanta, ba kuma ma'aikacin da ya rasa ransa. Haka aka gani a Amurka: a Satumban 2020 wuta ta zo kusan ƙafa 500 daga gidan da ke dutsen Wilson a Kalifoniya aka tare ta, a Yunin 2022 kuma ta hau Kitt Peak a jihar Arizona ta ci gine-gine 4, ba ta ci ƙubba ko ɗaya ba.

Me ya sa ragar ƙarfe da sassabe suka yi wannan aiki? Yawancin mutane suna zaton babban harshen wuta ne yake zuwa ya lashe gida. Wani masani na hukumar gandun daji ta Amurka, Jack Cohen, ya gwada wannan zato a arewacin Kanada wajen ƙarshen shekarun 1990. Aka kafa bangayen katako nesa da kurmi, wasu mita 10, wasu 20, wasu 30, sa'an nan aka cinna wa kurmin wuta har ta kai kan itatuwa. Wasu daga cikin na mita 10 sun kama, amma na mita 20 da 30 ba su kama ba. Dalili kuwa, babban harshen ba ya daɗewa a wuri ɗaya, cikin minti ɗaya ko biyu ya wuce. Abin da ya fi ƙona gida shi ne tartsatsi da garwashin da iska take ɗauka ta yi gaba da su, wani lokaci fiye da kilomita guda. Su faɗa kan busasshen ganye a lungu, ko su kurɗa ta wata kafa su sami abin ci a cikin rufi, su yi ta ci a hankali har bayan wutar dajin ta wuce, mutane sun koma suna murna.

Mai sauraro yana iya cewa ai ƙasar Kabi ba kurmin fayin, ba kuma gidan duban taurari, sai dai masu duban jinjirin wata a bayan gari. Gaskiya ne. Amma wutar ciyawa ba ƙanwar lasa ba ce. Ranar 30 ga Disamba, 2021, a jihar Kolorado, wutar da ta taso cikin busasshiyar ciyawa da iska mai ƙarfi ta ƙone gidaje fiye da 1,000 kafin gari ya waye. Sa'an nan tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi yake ta faɗaɗa, har gidajen ma'aikata da ofisoshin gwamnati suka cim ma gonakin Gwadangaji, inda sakatariyar jiha take. Makarantar da ke bayan gari, da asibitin ƙauye, da ma'ajiyar iri da taki, da ɗakin ajiye fayil, duk matsayinsu ɗaya da gidan da ke kan dutse: abin da ke ciki yana da tsada, daji yana jikin katanga, motar 'yan kwana-kwana kuma tana nesa. Bunƙasar noman shinkafa tun daga 2015 ta ƙara abin da wuta za ta ci, watau tulin kara da ɓuntu a bakin gari, da jarkokin fetur na injin ban ruwa da ake ajiyewa cikin gida.

A nan ya kamata a yaba wa maginan Hausa na dā. Soron ƙasa, wanda aka ɗora da tubali, aka rufe da azarar giginya, aka bi da ƙasa mai kauri, aka shafe da laso ko makuba, ba shi da inda tartsatsi zai kama. Azarar itace ce, amma tana lulluɓe, iska ba ta kai mata. Katangar ƙasa mai tsawo tana tare garwashin da ke gudu ƙasa-ƙasa, tsakar gida kuma ana share ta safe da yamma, don haka fili ne fetal wanda wuta ba ta samun abin ci. Wanda ya shiga tsohon gidan sarautar Argungu, wanda ya zama gidan tarihi na Kanta, zai ga kaurin irin wannan gini da idonsa. Inda gobara take yi wa mutanen dā ɓarna shi ne ɗakin jinka, da dangar kara, da zana, da rumbu mai hular shuci. Dangar kara kuwa ita ce lagwani, domin takan ɗauko wuta daga gona ta miƙa ta gida-gida har ta ƙare unguwa.

Ba ana cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba ne. Mutumin kwarin Rima ya fi tsoron ruwa a kan wuta, kuma yana da hujja, gama ambaliyar 2020 ta nuna yadda ginin ƙasa yake zubewa idan ya jiƙa. Bulo da siminti ba su cin wuta. Raunin gidan zamani yana sama ne. Kwano ba ya kamawa, amma tsakaninsa da bango akwai kafa, a ƙarƙashinsa akwai katako busasshe, da sheƙar tsuntsaye, da silin roba wanda yake narkewa ya ɗiga da wuta a kan katifa. Mai gida yakan kashe kuɗi masu yawa a kan ƙofar ƙarfe saboda ɓarawo, ya bar wannan kafa a buɗe. Maganinta ba shi da tsada: a toshe ta da siminti, ko a rufe ta da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Ragar sauro ta roba ba ta cikin lissafi. Ɗakin jinka kuma, idan ba halin sauya shi, a yaɓe cikin rufin da ƙasa, a kuma nisanta madafi daga gare shi.

Sai dai gyaran gida ɗaya ba ya isa. A garin Paradise na Kalifoniya da kewayensa, inda wuta ta kashe mutum 85 ta ƙone gine-gine fiye da 18,000 a Nuwamban 2018, bincike ya nuna cewa kusancin gida da maƙwabcin da ya kama yana cikin manyan abubuwan da suka yanke hukuncin wanda zai tsira. Wannan ya mai da maganar hannun hukuma da masu unguwanni. Ma'aikatan gandun daji na tsohuwar Jihar Arewa sun san dabarar ƙuna da wuri, watau a sa wa ciyawa wuta a farkon kaka, da sauran ɗanyenta, da safe ko da la'asar sakaliya lokacin da iska ta kwanta, don kada a bar wa watan Fabrairu abin da zai ci. A Jamhuriyar Nijar kuma har yanzu ana share dogayen hanyoyi masu faɗi a makiyayar Tawa da Dakwaro don wuta ta zo ta tsaya. Shugaban makaranta ko jami'in da ke riƙe da ma'ajiya yana iya sa a nome mita 30 kewaye da gininsa a watan Oktoba, da ma'aikatan da yake da su, ba sai ya jira takarda daga hedkwata ba.

Abin da ya fi wuya shi ne harawa. Mai tumaki yana ɗora ta a kan soro ko a kan rumfa a tsakar gida, domin idan ya bar ta a gona dabbobin wasu za su cinye, ko a sace. Da haka sai soron da maginin ya yi don kada wuta ta kama shi ya kwana wata biyar da busasshen ganye a kansa, daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi. Hana shi ba zai yiwu ba sai an ba shi wani wuri. Idan mai unguwa ya ware fili a kudu maso yammacin gari, inda iskar hunturu za ta kai tartsatsi daji maimakon cikin gidaje, aka kewaye shi da katangar ƙasa, aka sa mai gadi wanda masu harawar za su riƙa biya tare, to, mai tumaki zai yarda ya sauke ta daga kan soro.