Lauya da Ilmin Kuɗi: Dalilin Haɗa Su a Digiri na Biyu



A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, kasuwannin duniya suka girgiza. Binciken da kotu ta sa aka yi, wanda rahotonsa ya fito a 2010, ya tona dabarar bankin. In lokacin bayyana lissafi ya gabato, sai ya miƙa takardun kadarorinsa ya karɓi kuɗi, ya rubuta cewa sayarwa ya yi. Alhali kuwa rance ne, domin bayan 'yan kwanaki zai fanso su. Da haka ya ɓoye kimanin dala biliyan 50 daga idon masu zuba jari. Madogararsa kuwa ita ce takardar lauyoyi, wadda ta ce bisa dokar Ingila wannan ciniki sayarwa ce.

To, a nan gizo ke saƙa. Lauya ya auna kalmomin yarjejeniya, akanta ya jingina da takardar lauya, kowa ya tsaya iyakar fanninsa, ɓarna ta bi ta tsakani.

Irin wannan giɓi ne digiri na biyu mai haɗa shari'a da ilmin kuɗi yake nufin cikewa. Jami'ar Oxford ta Ingila ta buɗe nata a 2010, inda masu digirin lauya ke koyon tattalin arziki da ƙiyasin darajar kamfani, sa'an nan su feɗe cinikayyar da aka ƙulla a zahiri. Lalle lauyan da ya iya karanta lissafi ya fi wuyar yaudara, kuma dukiyar jama'a ta fi tsira a hannunsa.