A Ba Makaranta Kwamfuta, A Haɗa Mata Da Takardar Haɗi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Hanwa, Zariya



Kwamitin ayyuka ne ya umarce ni in yi bayani a kan kwamfutoci 40 da muka yi karo-karo za mu saya wa makarantarmu. Da yake sana'ata ke nan, gyara da harhaɗa na'ura mai ƙwaƙwalwa tsakanin Sabon Gari da Samaru, ba ni da hanyar zillewa. Dalilin aikin kowa ya san shi. Tun 2015 Hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, sai da kwamfuta. A 2024 WAEC ita ma ta fara yi wa masu rubutawa daga waje haka. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ya haddace littafi, rabin lokacinsa a neman haruffa zai ƙare.

To amma sayen na'urorin shi ne mai sauƙi. Na sha shiga ɗakunan kwamfuta na makarantu, a nan Zariya da kewaye, in tarar da na'urori a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta rufe. In ka kunna sai ka ga yawancinsu lafiyarsu lau. Abin da ya mutu shi ne na ciki, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wani ɗan bautar ƙasa mai hazaƙa ya zo ya shirya kome da hannunsa, ya gama shekararsa ya tafi, ya tafi da lambar sirri da duk abin da ya sani a kansa. Bayansa bairos ya shiga wannan, yara suka goge fayil a waccan, aka ɗauke wuta wata tana cikin aiki ta ƙi tashi. Shugaban makaranta ya rasa wanda zai kira, sai ya sa kwaɗo.

Saboda haka roƙona a yau guda ne: kada mu miƙa na'urorin nan sai tare da abin da na sa wa suna takardar haɗi.

Hanya uku ake bi a shirya na'urori masu yawa. Ta farko, mutum ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A ce kowace ta ci awa 2, to awa 80 ke nan, kuma duk abin da za a sauko da shi daga intanet sai an biya kuɗinsa sau 40. Ta biyu, a shirya guda ɗaya da kyau, a kwafe faifanta dungurungum a zuba wa sauran. Mu da muka fara aiki da daɗewa mun yi haka da Norton Ghost, yau kuma ana yi da Clonezilla. Ba laifi, sai dai kwafi ba ya faɗa maka yadda aka yi. Tamkar a ba ka tukunyar miya ce mai daɗi, ranar da ta ƙare ko ta yi tsami ba ka san abin da mai girkin ta zuba ba.

Ta uku ita ce tawa. Ana rubuta duk abin da ake so na'ura ta ƙunsa a ɗan fayil na rubutu zalla, wanda bai fi shafi ɗaya ko biyu ba. Sai a miƙa shi ga wata manhaja, ita kuma ta bi shi layi-layi ta haɗa babbar manhaja sukutum, ta dunƙule ta a fayil guda. Wannan dunƙulen shi ake zubawa a kowace na'ura. Malamanmu na kimiyya da ke zaune a nan za su tuna yadda suke hana mu maki in mun kawo sakamakon gwaji ba mu rubuta matakan da muka bi ba. A lokacin muna ganin takura ce. Ashe wannan ɗin ne dai.

Manhajojin da ke irin wannan aiki suna da yawa, akwai Yocto da Buildroot da live-build. Wadda na zaɓa mana sunanta debos, wadda ma'aikatan kamfanin Collabora suka ƙirƙira, kuma kyauta ce. Tana aiki da Debian, wani reshe na Linux. Linux ɗin nan wani ɗalibin jami'a ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, Debian kuwa Ian Murdock ne ya kafa shi a 1993. Ba ta da hotunan dannawa. Baƙin allo ne, ka rubuta umarni layi ɗaya, sunanta da sunan takardarka, ka tafi ka sha shayi.

Ga abin da takardarmu za ta ce. Da farko ta ambaci irin ƙwaƙwalwar na'urorin. Sannan ta ce a ɗauko ginshiƙin Debian na 13, wanda ya fito a watan Agusta na 2025. Sai jerin kayan aiki: LibreOffice domin rubutu da lissafi, Firefox, manhajar koyon bugun haruffa, da Kiwix wadda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Daga nan sai namu na gida, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Za mu ce agogo ya bi lokacin Nijeriya. Za mu ce allon rubutu ya zama na Hausa, domin Linux na ɗauke da tsarin da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, yaro ya daina rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Za mu zuba tambayoyin gwaji da malamanmu suka tsara, da tambarin makaranta a fuskar allo. Za mu buɗe wa ɗalibi asusu marar ikon taɓa gadon na'ura, malami kuma nasa daban. A ƙarshe takardar ta faɗi yadda za a raba faifai. Ranar da wata na'ura ta rikice, ba sai an yi ta lalube ba, a sa filas a sake zuba mata dunƙulen, ta koma kamar sauran. Ranar da malamin lissafi ya so a ƙara wata manhaja, layi ɗaya za a ƙara a sake haɗawa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wasunku za su tuna ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari na shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya fito da shi daga Amurka, aka gwada su a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Daga baya shirin ya fitar da irin wannan manhaja ta haɗi, domin kowace ƙasa da ta karɓi na'urorin ta haɗa nata dunƙulen da harshenta da darussanta.

Na san wani zai ce, me ya hana mu tsaya ga Windows da kowa ya saba? Tambaya ce mai kyau. Kuɗinmu na gwanjo za su saya, kuma da yawan na gwanjo da ke kasuwa Windows 10 ke kansu. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da dama ba su cika ba. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, CorelDraw da yaranmu ke samun na abinci da ita a shagunan buga takardu ba a yi ta domin wannan tsari ba. Shawarata a ware guda 5 masu ƙarfi a bar musu Windows mai lasisi. Sannan 'yan kwamitin saye su lura, Debian na 13 ya daina fitar da cikakken tsari ga tsofaffin na'urori masu bit 32. Ko araha ta kai yaya, kada a ɗauko su. Kuma a sayi iri ɗaya gwargwadon iko, domin kowane sabon iri ƙarin gwaji ne a kanmu.

Ita ma takardar tana da nata tsirfa. Tazara ɗaya in ta kauce a farkon layi, sai aikin ya tsaya cik. Wurin zuba dunƙulen kuma, duk abin da ke kan faifan zai shafe, don haka aikin yara ba a kan na'ura za a riƙa ajiye shi ba. Haɗawar na bukatar intanet mai ƙarfi, amma sau ɗaya ne a zango, ana iya yi a shagona a kawo a filas.

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, daga gare ka malamai biyu muke roƙo, na dindindin, ba masu wucewa ba, in koya musu a hutun nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan uwanmu da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, musamman masu hulɗa da Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar, ku taimaka mana da ɗaliban da ke neman wurin koyon aiki, su riƙa leƙowa. Takardar haɗin kuwa za a ajiye ta wuri uku: a intanet, a filas wajen sakataren ƙungiya, da bugaggiya a fayil ɗin ofishin shugaban makaranta, lambobin sirri a ambulan daban.

Na zo da na'ura guda da na riga na zuba wa gwajin farko, tana can bakin ƙofa kusa da teburin rajista. In an tashi cin abinci, ina roƙon malamanmu na Hausa su fara zama su buga mana jimla ɗaya, su faɗa mana ko ƙugiyoyin sun fito daidai. Wanda ke son shiga kwamitin gwaji ya ba sakatare sunansa kafin la'asar.