Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya: Mayukan Gyaran Fata Da Makomar 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya zaci zan yi magana ne a kan lalacewar azuzuwa ko ƙarancin malamai, kamar yadda na saba. Da na gaya masa a kan man shafawa zan yi magana, sai da ya sake duban fuskata. Na san a nan ma akwai masu mamakin me ya haɗa tsohon hedimasta da kayan kwalliyar mata. Abin da ya haɗa mu shi ne na shekara 35 ina karɓar 'ya'yanku a ƙofar makaranta, na san fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. A yau kuwa wasu daga cikin ɗalibaina mata sukan durƙusa su gaishe ni a wurin biki, in kasa gane su sai sun faɗi sunan mahaifinsu.

Ni ma an ci kuɗina

Kafin in ga laifin kowa, bari in fara da kaina. Shekarun baya wani mai talla da lasifika ya tsaya a kasuwa yana rantsuwa cewa man da ke hannunsa yana tsirar da gashi a kan sanƙo cikin mako uku. Na sayi kwalba ɗaya a ɓoye, ta ƙare, na ƙara biyu. Ga ni nan a gabanku, hula ce dai har yau take rufa mini asiri. Idan mutumin da ya fito daga kwalejin horon malamai, ya koyar da kimiyya a aji shida, zai faɗa wannan tarko, to babu dalilin da za mu yi wa yarinya 'yar shekara 18 dariya.

Nawa ya tsaya a asarar kuɗi. Na ɗiyar ƙanena ya wuce nan. Ana saura wata uku bikinta, wata 'yar'uwarmu da ke zaune a birni ta kawo mata wani haɗin mai a cikin roba marar suna, marar takarda, wanda ta gani ana tallarsa a waya. An ce na itatuwa ne zalla, kuma cikin kwana bakwai za a ga aiki. Kuɗinsa ya fi rabin fanshona na wata. Aka kuwa ga aiki, domin yarinya wankan tarwaɗa ta koma fara sol, mata suna ta yaba kyan amarya. Bayan wata biyar da tarewa man ya ƙare, kuɗin saye ya gagara. Sai ƙuraje suka feso mata, kumatunta suka yi baƙi kamar an ɗora mata dutsen guga, gaɓoɓin yatsunta suka fi sauran jikinta duhu, nankarwa ta fito mata a damatsa. Ta zo gidana da niƙabi, ita da ba ta saba sa shi ba, ta ce, "Baffa, kunyar fita nake ji." Na ce, "Ɗiyata, tashi mu tafi asibiti." Sai da ta shekara guda tana ganin likita kafin fuskarta ta lafa, kuma har yau akwai tabon da bai tafi ba. Wadda ta kawo man ba mugunta ta nufa ba, tsaraba ta kawo. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali.

Abin da fata take, da abin da mai ba zai iya ba

Ku ba ni dama in koma aji na ɗan lokaci. Launin fatar mutum yana fitowa ne daga wani sinadari da jiki ke yi da kansa, ana kiransa melanin. Aikinsa shi ne tare zafin hasken rana kada ya lalata naman da ke ƙarƙashi. Mu da muke zaune inda rana ke dukan mutum tun daga watan Maris har faɗuwar damina, an ba mu shi da yawa domin mu ne muka fi bukatarsa. Haka kuma saman fata yana sabunta kansa cikin kimanin mako huɗu, kuma sabuwar da za ta fito da launin gado take fitowa. Saboda haka duk man da ya sa mutum ya yi fari, tauye aikin jiki yake yi na ɗan lokaci, ranar da aka daina shafawa jiki zai koma bakin aikinsa, sau da yawa ma da ƙarin duhu. Mai sayarwa ya san haka sarai. Ya san wadda ta sayi roba ɗaya ta zama mai ciniki ta dindindin.

Mayukan da ake zuzutawa iri biyu ne. Akwai waɗanda ba su yin komai, irin nawa na sanƙo: ƙamshi ne da kwalba mai kyau da hoton wata baiwar Allah da aka gyara da na'ura. Hoton nan na "kafin" da "bayan" da ake nunawa a TikTok da Instagram, kowane yaro mai waya zai iya haɗa shi cikin minti biyu. Akwai kuma waɗanda suke aiki da gaske, kuma su ne abin tsoro, domin galibi ɗaya daga cikin abubuwa uku ne a cikinsu.

Na farko shi ne haidurokwinon. Likitocin fata suna ba da shi kaɗan, na ƙayyadadden lokaci, don maganin tabo. Idan aka daɗe ana shafa shi sai ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da wuya, wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Na biyu shi ne sitiroyid, watau magungunan kumburi da ƙaiƙayi masu ƙarfi da ake matsewa daga tub a zuba cikin mai. Shi ne yake sa fata ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya hana rauni warkewa da wuri. Mu tuna da 'ya'yanmu da ake yi wa tiyata wajen haihuwa. Idan kuma ya ratsa cikin jini shekara da shekaru, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku ita ce zaiba, ruwan nan mai sheƙi da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ga masu cewa nasu na itatuwa ne, tambayata ɗaya ce: wane ganye ne a dajin Kusada ko na wata ƙasa yake mayar da baƙin mutum fari cikin kwana bakwai?

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan matsala ta daɗe. Tun a 1976 Fela Kuti ya yi waƙarsa Yellow Fever yana yi wa masu bilicin shaguɓe. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a kan zaiba a cikin mayukan hasken fata, inda ta ambaci kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya a matsayin masu amfani da su. Asalin wannan adadi bincike ne da aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas, don haka ba zan ce haka abin yake a ƙauyukanmu ba, amma ya isa ya nuna girman al'amarin. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidurokwinon a 2016. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin nan na Japan da gubar zaiba ta halaka mutanensa, ta ɗora wa ƙasashe nauyin kawar da zaiba daga kayan kwalliya. Hatta kamfanin Unilever ya canza sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely a 2020, saboda sukar da ya sha a kan nuna cewa fari shi ne kyau.

A gida kuwa, dokokin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, sun hana sa zaiba da sitiroyid a cikin man shafawa, sun kuma ƙayyade haidurokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A watan Fabrairun 2023, a wani taro a Kano, shugabar hukumar Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta lalace, domin ta ga ana fifita 'ya'yan 'yar'uwarta masu hasken fata. Doka tana nan, amma babu jami'in da zai shiga ɗakin kowace amarya ya buɗe robar da ke kan madubi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Yanzu na zo kan mu maza. Wa ya ƙirƙiro "farar mace alkyabbar mata"? Wa yake cewa "fara ko mayya ce"? Wa yake aika ƙannensa mata neman aure da sharaɗin a samo masa fara? Yarinya tana jin waɗannan maganganu tun tana aji uku, tana jin ana kiran ƙanwarta "Fara" da sha'awa, ita kuma ana kiranta "Baƙa" da wasa. Na raba faɗa a filin makaranta ba sau ɗaya ba a kan wannan kalma. Iyaye mata ma suna da nasu kason, musamman wajen duba lefe da tsegumin uwar miji. Samari kuma yanzu sun shiga sahu, suna shafawa a ɓoye. Alhali malamanmu suna karantar da mu cewa aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji.

Kada a fahimce ni da cewa ina gaba da kwalliya. Iyayenmu mata sun yi ado da lalle, sun yi wanka da sabulun salo, sun shafa man kaɗanya da man shanu, a hunturu suka yi maganin kaushi da faso da basilin. Fatarsu ta yi sheƙi har tsufa ba tare da an canza mata launi ba. Ba kuma ina cewa duk abin gargajiya lafiyayye ba ne, domin kwallin dutse da ake sa wa jarirai yana ɗauke da dalma, ya kamata a kiyaye shi. Ma'aunin dai shi ne: abin da zai tsabtace fata, ya tausasa ta, ya kare ta daga rana, alheri ne. Wanda ya yi alkawarin sauya halitta kuwa, garin neman gira za a rasa ido.

Shawarwari ga ƙungiya

Na farko, ku mazauna birane, ku ne madubin na gida. Abin da kuka shafa shi za a shafa, abin da kuka kawo tsaraba da Sallah shi ne za a ɗauka wayewa. Ina roƙonku kada robar haɗi marar suna ta sake shigowa garin nan ta hannunku.

Na biyu, duk man da za a saya a duba sunan kamfani, da jerin abin da ke ciki, da lambar rajistar NAFDAC, tare da sanin cewa ana buga lambar jabu. Wanda aka ce zai yi aiki cikin kwana bakwai, a ajiye shi.

Na uku, wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada a tsangwame ta, kada kuma ta rufe kanta a ɗaki. Yanke sitiroyid farat ɗaya yana da nasa wahalar, don haka ta je Babban Asibitin Kankiya, idan abin ya yi tsanani a tura ta wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano da ke Kano.

Na huɗu, Allah ya albarkace mu da Makarantar Koyon Aikin Lafiya a Kankiya. Ƙungiya ta nemi haɗin kan malamanta da ɗalibanta, tare da reshenmu na mata, a riƙa zagaya makarantun 'yan mata da Islamiyyu na Kankiya da Kusada sau ɗaya a kowane zangon karatu. Kuɗin mota da na ruwan sha kawai abin zai ci. A gayyaci masu gyaran amare su ma, domin da yawansu ba su san abin da suke haɗawa ba.

Na biyar, jikin yaro amana ne. Duk wanda ya ga ana shafa wa jariri ko ƙaramin yaro irin wannan mai, ya yi magana, ko da za a ji haushinsa.

Kammalawa

Ƙungiyarmu ta saba auna ci gaba da rijiyar burtsatse da rufin aji da tallafin karatu, kuma duk suna kan hanya. Amma yarinyar da muka biya wa kuɗin jarrabawa, idan ta kai shekara 30 da ciwon ƙoda ko da fuskar da take ɓoyewa, to ɗawainiyarmu ba ta cika ba. Ɗiyar ƙanena ce ta ba ni izinin kawo labarinta a nan, ta ce, "Baffa, ka faɗa musu, ko mutum ɗaya ya ji." Na isar da saƙonta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina neman afuwar duk wanda maganata ta sosa wa rai. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.