Jawabin Baƙuwa Mai Jawabi: Yadda Za Mu Yi Sana'a Ba Tare da Mun Karya Jikinmu Ba

Hajiya shugaba, iyayena mata, yayyena da ƙannena, ina taya ku murnar zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya. Allah Ya ƙara haɗa kanku, Ya sa albarka a cikin sana'o'inku.

Aikina gashin ƙashi a asibiti, kuma an ce in yi magana a kan ciwon baya da na gaɓoɓi. Da yawanmu in abin ya taso sai mu ce sanyi ne, ko shekaru ne. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma mafi yawan matan da muke gani, yadda suke tsayuwa da zama da ɗaukar kaya a wurin aiki shi ne ke cin jikinsu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Mai ƙuli-ƙuli da ta kwanta sati biyu ta san abin da hakan ke nufi: kwastoma ya koma wani gida, ga zubin adashe yana jira.

Bari in fara da ɗaukar kaya, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani abu mai laushi kamar matashi. Idan kika sunkuya ƙafafunki a miƙe kika ɗago nauyi, kan wannan matashin nauyin yake sauka, musamman a ƙasan baya. Jarka mai lita 25, ruwan cikinta kaɗai kilo 25 ne. To, ki matso da kayan jikinki sosai, ki ware ƙafafu, ki lanƙwasa gwiwa, ki bar cinyoyinki su yi ɗagawar. Kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu. In za ki juya, ki juya da ƙafafunki gaba ɗaya. Buhun gyaɗa mai kilo 50 kuwa ba na mace ɗaya ba ne, ko da kuwa tana jin ƙarfi. A kama mata, ko a raba shi biyu, ko a sa a baro. Mai juna biyu da mai jego su fi kowa kiyayewa, domin a wannan lokacin jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi sun saki. Kuma don Allah, 'yan matanmu da muke ɗora wa tallan da ya fi ƙarfinsu, wuyansu bai gama ƙwari ba, gammo kuma ba ya rage nauyi.

Sai masu suyar gyaɗa da murza tunkuza. Murhu a ƙasa, ke a duƙe, awa uku ko huɗu. Ki sa a ɗaga murhun da bulo har bakin kaskon ya kusa kai ƙugunki, a ƙara wa muciya tsawo. Haka tsintsiya: a ɗaura mata sanda. Na san za a ce shara a tsaye lalaci ce. A ce ɗin, bayan naki ne.

Masu ɗinki, naku a wuya da kafaɗa yake taruwa. Kujerar ta zama mai jingina, teburin keken daidai gwiwar hannu, a sa keken kusa da taga don kada ki riƙa kai fuska wajen allura. Duk rabin awa ki miƙe ki ɗan taka, ko da randa za ki je ki sha ruwa. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna miki dindiris, musamman da dare, jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Masu kitso da masu saƙa ma suna samun wannan, kuma in an zo da wuri yana gyaruwa.

Akwai abin da nake roƙonku ku rage, wato haɗin ciwon jiki na kemis. Irinsu Diclofenac da Ibuprofen suna kwantar da zafi, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, kuma yana rufe miki ciwon ki ci gaba da aikin da ya kawo shi. Idan ciwon baya ya sauka ƙafa da kasala, ko fitsari ya riƙa kufcewa, ko ya zo da zazzaɓi da rama, wannan ba na jira ba ne. A tafi asibiti a ranar. Manyan asibitocinmu suna da sashen gashi, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Hajiya shugaba, ga shawarata ga kwamiti. Cikin ribar bana a ware wani abu a sayi baro biyu na ƙungiya, a kira magini ya ɗaga murahun wurin suya, a kuma tsara aiki ta yadda wadda ta yi murza da safe za ta koma ƙulla kaya da rana. In kun amince, wata mai zuwa zan zo wurin aikin da kaina mu auna tsayin murhu da kujeru, kowace da nata.

Yanzu ina son mutum biyu su fito, a kawo mana jarkar can, mu gwada ɗagawar tare kafin a kawo abinci.