Ɗan Karen Lasa da Karen Ƙauyenmu

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, 'yan'uwa 'yan ƙungiya daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Na san wasu za su yi mamaki, a ce duk matsalolin da ke gabanmu, a rasa abin da za a yi jawabi a kansa sai kare. Ina roƙon a yi mini haƙuri har in kai ƙarshe.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, a wata Babbar Salla wani ɗanmu da ke aiki a Abuja ya zo gida da wani ɗan ƙaramin kare a kujerar motarsa, gashi ya rufe masa ido har ƙasa. Yara suka yi dafifi, wani dattijo ya tambaya ko ɗan tunkiya ne. Da aka faɗi kuɗin da aka saye shi, sai aka ga ya isa sayen ragon layya. Wannan kare shi ne masu kiwon karnuka a birane ke kira Lasa, cikakken sunansa kuwa Lhasa Apso.

Sunan nasa na birnin Lasa ne, babban birnin Tibet, can bisa duwatsun Himalaya, inda tudun ƙasar ya kai kimanin mita 3,650 daga gaɓar teku. Sanyin wurin ne ya sa yake da wannan gashi, shi ya sa idan aka kawo shi ƙasarmu a watan Afrilu sai ka ji tausayinsa. Tsayinsa bai wuce santimita 28 ba, nauyinsa kilo 6 zuwa 8. Shekaru aru-aru ana kiwonsa a gidajen ibadar mabiya addinin Buda da gidajen manyan ƙasar. To, amma ba don ado aka ajiye shi ba. A ƙofar waje akan ɗaure manyan karnuka, shi kuma yana cikin gida, aikinsa kawai ya yi haushi idan ya ji motsin baƙo, domin kunnensa na da kaifi ƙwarai. A al'adarsu ba a sayar da shi, sai dai a ba da shi kyauta ga wanda ake girmamawa. Ta wannan hanya ce ya isa Amurka: a 1933 Dalai Lama na 13 ya ba wani Ba'amurke mai suna Suydam Cutting kyautar irin waɗannan karnuka, a 1935 kuma ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta yi wa irin rajista. Daga nan ya zama karen falo, ana taje shi, ana ɗaura masa ƙyalle a ka.

Wato ke nan, jama'a, abin da ɗanmu ya sayo da tsada asalinsa mai gadi ne, aikin da karen ƙauyenmu yake yi tun kaka da kakanni ba tare da an taɓa rubuta sunansa a wani littafi ba.

Shi ma namu yana da asali. Masana sun tabbatar cewa duk karnukan duniya daga kyarkeci suka fito, kuma kare ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara sabawa da ita, fiye da shekara 14,000 da suka wuce, tun kafin tunkiya da saniya. Ya shigo Afirka ta wajen Masar, ya bi makiyaya da maharba ya ratsa Sahara tun tana da ciyawa. Zanen da mutanen da suka bari a duwatsun Tasili na ƙasar Aljeriya yana nuna shi tare da masu farauta. Ɗan'uwansa na kusa, dogon karen nan siriri na Buzaye da ke kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, Turawa sun kwashe shi zuwa Turai tun shekarun 1970, kuma a 2019 Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista da sunan Azawakh. Wanda ya taɓa ganin karen farautar ƙasarmu ya kuma ga hoton wancan, zai ga kamar da ke tsakaninsu: siririn ciki, dogayen ƙafafu, gajeren gashi mai jure rana.

Waɗanda suka girma a nan kafin abubuwa su lalace sun san farautar rani. Bayan an kawar da amfanin gona, sai a buga ganga, Sarkin Dawa ya sa rana, samari su fito da sanduna da gora, kowa da karnukansa, wasu an yanke musu kunne, wasu da laya a wuya. Zomo, gada, gafiya, duk kare ne ke tayar da su. Daga nan Bahaushe ya samo karin maganarsa, karen bana shi ke maganin zomon bana. Yau dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari sun fi ƙarfin mai farautar zomo. Ba sai na tuna wa kowa daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba na cewa kare zai tsayar da mai bindiga. Amma ku tambayi mutanen ƙauyukan bakin daji, za su gaya muku sau da yawa haushin kare ne ke ba su 'yan mintocin da za su tashi yara daga barci.

Akwai masu ƙyamar wannan magana ta fuskar addini, kuma malamanmu suna nan za su gyara mini. Abin da na karanta shi ne, shari'a ta halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ba ta son a ajiye shi don wasa kawai. An kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu, katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. A ganina, a wannan ma'auni karen ƙauye ya fi ɗan karen falo hujjar zama.

Sai dai akwai inda muka yi sakaci. Ɗan karen Abuja yana da katin allura. Namu kuwa yana yawo a juji, ba wanda ya taɓa kai shi wurin likitan dabbobi. Ciwon haukan kare, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida. Allurar rigakafin karnuka kuwa a nan Nijeriya ake yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924.

Saboda haka ina ba kwamitin lafiya na ƙungiya shawarar ya tuntuɓi sashen kula da dabbobi na ƙananan hukumominmu uku, a sa rana sau ɗaya a shekara, a yi wa karnukan mafarauta da na makiyaya allura, ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin maganin. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, amma tunda lokacin ana tsakar aikin gona, ina ganin a bari sai an gama girbi, a sanar ta bakin masu unguwanni da shugabannin mafarauta.