Marc Seguin: Mutumin Da Ya Raba Wuta Cikin Bututu

Tun daga shekarar 1869, lokacin da aka buɗe Mashigin Suwis, jiragen ruwa masu aiki da tururi suka yawaita a tashar Jidda, suna sauke maniyyata daga Masar da Indiya da Jawa. Daga baya kuma su ne suka riƙa tsallako da mutanenmu na Afirka ta Yamma daga gaɓar Sudan. Alhazan nan hayaƙi kawai suke gani yana tashi sama. Amma a can cikin jirgi akwai wata babbar tukunyar ƙarfe wadda aka ratsa cikinta da bututu masu yawa, ita ce mai haifar da tururin da ke tura jirgin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsara irin wannan tukunya shi ne wani injiniya Bafaranshe, Marc Seguin.

An haife shi a garin Annonay na kudancin Faransa a shekarar 1786. Mahaifiyarsa 'yar gidan Montgolfier ce, watau dangin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi balan-balan mai ɗumammiyar iska a 1783. Aikin da ya fara fito da sunansa gada ce. A 1825 ya gama wata gada a kan kogin Rhône, tsakanin Tournon da Tain, wadda ya rataye ta da igiyoyin waya maimakon sarƙa. Ya kuma gwada tafiyar da jiragen tururi a kan wannan kogi mai ƙarfin gudu, inda ya lura cewa tukwanen zamanin ba sa ba da isasshen tururi.

A 1826 aka ba kamfaninsu izinin shimfiɗa layin dogo daga Saint-Étienne, garin haƙar kwal, zuwa birnin Lyon, tafiyar kilomita 58. An zuba dukiya mai yawa, aka fasa duwatsu, aka haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. To, amma da aka sayo kawunan jirgi biyu daga masana'antar Stephenson ta Ingila, sai aka tarar saurinsu bai fi na mai tafiya a ƙasa da wani abin kirki ba.

Seguin ya san inda matsalar take. A tsohuwar tukunya, zafin wuta yana bi ta babban bututu guda ne, saboda haka ruwa kaɗan ne ke taɓa ƙarfe mai zafi, sauran zafin kuwa ya fice a banza. Dabararsa ita ce a raba zafin cikin ƙananan bututu barkatai waɗanda ruwa ya kewaye su ta ko'ina, ta yadda ruwan zai tafasa da sauri. A watan Fabrairu na 1828 hukuma ta ba shi takardar mallakar wannan ƙira. Ranar 1 ga Oktoba, 1829, aka gwada kan jirginsa mai bututu 43.

'Yan kwanaki bayan haka aka yi gasar nan ta Rainhill a Ingila, inda kan jirgin Stephenson mai suna Rocket, mai bututu 25, ya yi nasara. Shi duniya ta fi tunawa, kuma da dalili. Ƙananan bututu suna danne numfashin wuta, dole a sami abin da zai riƙa jawo iska. Seguin ya ɗora manyan fankoki biyu a kan keken da ke ɗauke da kwal, masu nauyi da yawan lalacewa. Su Stephenson kuwa sai suka karkata tururin da ya gama aiki ya fita ta mafitar hayaƙi, yana fizgo iska da kansa. Haɗuwar dabarun nan biyu ita ce ta riƙe jiragen ƙasa fiye da shekara ɗari, har da waɗanda suka isa Kano a 1911.

Layin Lyon ya kammalu a 1832. A 1839 Seguin ya wallafa littafi kan layin dogo, inda ya bayyana cewa zafi da ƙarfin motsi suna rikiɗa daga ɗaya zuwa ɗaya. Ya rasu a Annonay a 1875, kuma sunansa yana cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin Hasumiyar Eiffel.

Jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar fasinjoji tsakanin Makka da Jidda da Madina a 2018 kuwa, da lantarki yake tafiya, ba kwal, ba tururi.