CIZON SAURO DA ƘAIƘAYINSA: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Wannan jawabi ne a kan wani ɗan ƙwaro wanda ba gidan da bai san shi ba, watau sauro, da yadda za a tsare talakawa daga cizonsa, da abin da za a yi wa wanda ya riga ya ciza.

Sa'ad da bazara ta kama, ɗaki ya gagari kwana, kowa ya kan fid da tabarmarsa tsakar gida, yara su kwanta ba riga. Ana cikin haka sai ruwa ya sauka, kududdufai su cika, sauro ya yawaita. Da safe a ga yaro yana susa, jikinsa ya yi rudu-rudu, uwarsa ta ce ai sauro ne kawai. Kafin azahar ƙaiƙayi ya lafa, an manta. Bayan kwana 10 ko 15 sai yaron ya kwanta da zazzaɓi, a ce rana ce ta doke shi, ko a ce ɗanyar masara ya ci. Alhali kuwa cizon nan da a ka manta shi ne mafari. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023, cikin kowane mutum huɗu da zazzaɓin cizon sauro ya kama a duniya, ɗaya a Nijeriya ya ke. Galibin waɗanda ya ke kashewa kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Saboda haka wannan magana ta shafi mai riƙon ƙasa kamar yadda ta shafi likita.

ABIN DA KE KAWO ƘAIƘAYI

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin sai ta sha jini ƙwanta ke nuna. Namijin ruwan furanni ya ke sha. In ta huda fata, kafin ta tsotsa sai ta zuba ɗan yawunta a ciki don kada jinin ya daskare. Jiki ba ya son baƙon abu, shi ya sa wurin ke tashi, ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi. A cikin yawun nan ne kuma ƙwayar cuta ke biyowa, in sauron yana ɗauke da ita. Wani likitan soja Bature, Ronald Ross, shi ya fara ganin ƙwayar zazzaɓi a cikin tumbin sauro, a ƙasar Indiya, cikin 1897. Daga nan ne masana su ka soma barin zargin iska da raɓa.

Sauron da ya dami ƙasar nan iri uku ne. Na fari shi ne wanda likitoci ke kira Anofilis, mai kawo zazzaɓi. In ya sauka a bango ya kan sunkuyar da kai ya ɗaga baya. Yana cizo daga magariba zuwa asuba, ya fi tsananta bayan dare ya raba. Ba ya son ƙazamin ruwa. Ruwan sama da ya kwanta a rana shi ya ke so, kamar sawun shanu, da shatar ƙafar mota, da ramin da a ka haƙi ƙasar gini. Na biyu shi ne Kuleks, mai yawan kuka a kunne, wanda ke haihuwa a kwatami da kwata. Na uku shi ne Edis, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, wanda ke cizo da rana, yana haihuwa a randa da kasko da gwangwani da tsohuwar taya. Shi ke yaɗa shawara mai kisa.

DARASIN BIRNIN KEBBI DA GARKI

Da yawa su kan ce aikin sauro na Gwamnati ne, ta aiko da masu feshi a huta. An gwada wannan a ƙasar nan fiye da sau ɗaya, kuma ya kamata hakimai su san yadda a ka ƙare.

A cikin 1954 Gwamnatin Jihar Arewa, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ta soma feshin ɗakuna a ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kebbi. Da fari sauro ya ragu ƙwarai. Amma a cikin 1955 sai masana su ka iske ɗaya daga cikin magungunan, mai suna Dildirin, ya daina kashe shi, domin 'yan kaɗan da su ka jure masa su ne su ka hayayyafa.

Daga 1969 zuwa 1976 kuma a ka yi wani babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin ta ke cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. Masu binciken sun ƙidaya, su ka ga a wani ƙauye mutum ɗaya ya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara, kusan dukansa da damina. A ka fesa ɗakuna, a wasu ƙauyuka kuma a ka haɗa da rabon ƙwayoyin magani. Zazzaɓi ya ragu, yara da yawa su ka tsira, amma cutar ba ta yanke ba, domin wani sauron in ya ciji mutum waje ya ke fita ya huta, ba ya sauka a bangon da a ka fesa. Da a ka daina aikin, sannu a hankali zazzaɓi ya koma yadda ya ke.

Feshi yana da amfani, ba a ce a ƙi shi ba. Abin lura shi ne mai feshi baƙo ne, ya zo ya wuce, sauro kuwa ɗan gari ne. Wanda zai iya da shi sai mai kwana a garin.

RUWAN DA YA KWANA BAKWAI

Sauro ba ya haihuwa sai a ruwa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa tsutsa har ya yi fiffike ya tashi, kwana 7 zuwa 10 ne. Ke nan ruwan da bai yi mako guda a kwance ba, ba zai fid da sauro ba. Duk dabarar a nan ta ke.

Ya kamata kowane hakimi ya sa wa ƙasarsa rana ɗaya a mako, wadda ba ta kasuwa ba, dagatai da masu unguwa su tsaya a kanta. A ran nan kowane maigida ya kewaya gidansa ciki da waje. A kife kasake da sakaina da gwangwanaye. A juye randa, a goge cikinta da kyau kafin a sake cika ta, domin ƙwan Edis yana manne wa jikin tukunya, ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Sa'an nan a rufe bakinta da faifai. A buɗe rariya da ta toshe, a yashe kwata. Ƙananan ramuka a cike su da ƙasa, musamman na bakin rijiya da na masu yin tubali. Inda ruwa ya kwanta a hanya a tsaga masa mafita.

Babban kududdufi wanda gari ke ban ruwan dabbobi a cikinsa ba ya cikuwa da rana ɗaya. Irin wannan sai malamin hakimi ya rubuta sunansa da inda ya ke, a kai wa duba-gari su ba da shawara. Kada a zuba baƙin mai ko maganin ƙwari a ruwan da mutane ko bisashe ke sha.

GIDAN SAURO

Kome tsabtar gari, sauro zai zo daga fadama. Saboda haka abu na biyu shi ne gidan sauro mai magani, wanda ke tare cizo, ya kuma kashe sauron da ya sauka a kansa. Sabo in an buɗe shi, a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga. A cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowace fuska. In ya yage a ɗinke, ko da hujin bai fi kan yatsa ba. In ya yi dauɗa a wanke da sabulu mara kaifi, a shanya a inuwa. Ya kan yi kamar shekara 3 yana aiki. In bai ishi mutanen gida ba, mai ciki da ƙananan yara su ne na gaba.

Babban kuskuren da a ke yi shi ne barin gidan sauro a ɗaki a fita kwana waje. Sanda huɗu a kafe a tsakar gida sun isa a ɗaura shi. Har wa yau a kan ga an kewaye lambu da shi, ko an yi wa kaji akurki, ko ana su. Mai unguwa in ya ga haka ya yi magana.

Hayaƙin ganyen darbejiya ko ɗoɗɗoya ya kan kori sauro na ɗan lokaci, haka ma maganin sauro na kunnawa. Amma wutar ta kan mutu tun Anofilis bai gama aikinsa na dare ba. Masu gadi da masu hira a dandali su sa riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, su shafa man korar sauro na kanti a inda tufa ba ta rufe ba. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Fiya-fiya kuwa guba ce: kada a yayyafa ta inda mutane ke kwance ko kusa da abinci, kada kuma a ajiye ta a kwalbar lemo inda yaro zai kai hannu.

MAGANIN ƘAIƘAYI

Ƙaiƙayin cizo da kansa ya ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Susa ce ke ɓata shi, domin farce ya kan yage fata, ƙazanta ta shiga, ɗan tabo ya zama gyambo. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi, a ɗora kamar minti 10. In bai lafa ba a shafa kalamin, watau ruwan nan mai kalar hoda da a ke samu a ɗakin shan magani. In ya hana barci akwai ƙwayar ƙaiƙayi, amma tana sa gyangyaɗi, direba ya kiyaye, kuma ba a ba ƙaramin yaro sai malamin asibiti ya faɗi awo. A yanke wa yara farce. Kada a shafa kananzir, ko toka, ko ƙasa.

In wurin ya yi zafi, kumburi yana yaɗuwa, ko ya tara mugunya, ko kaluluwa ta fito, magana ta wuce gida, sai asibiti. Wanda zuma ko rina ta harba kuma, a kankare ƙarin in ya maƙale, a sa ruwan sanyi. Amma in leɓɓansa su ka kumbura, ko numfashi ya soma sarƙewa, a ɗauke shi nan take, ko da tsakar dare ne.

IN ZAZZAƁI YA ZO

Duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa kafin ya kwana biyu. Ɗigo ɗaya a ke ɗiba a yatsa, cikin minti 20 an san gaskiya. Tun 2005 Nijeriya ta bar dogara ga kulorokwin, domin ƙwayar cutar ta saba da shi; maganin yanzu na kwana 3 ne, kuma lalle a shanye shi ko an ji sauƙi. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan mama, ko yana amai ba tsayawa, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ba a jira da shi gari ya waye.

Da damina ma'aikatan lafiya su kan bi gida gida, wata wata, suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi. Su kan ba da na ranar fari da hannunsu, su bar wa uwa na kwana biyu. Mai ciki kuma in ta wuce wata 3 ana ba ta nata a wurin awo. A watan Disamba na 2024 a ka soma yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓi a Jihar Kebbi, ƙasar da a ka soma feshin nan shekara 70 kafin haka. Allurar tana rage cuta, amma ba ta ɗauke wa kowa shiga gidan sauro ba.

ABIN DA A KE NEMA

Daga hakimi ana neman ya sa ranar tsabta kafin ruwan fari ya sauka, ya fara da gidansa, ya roƙi limamai su tuna wa jama'a bayan sallar Juma'a, ya kuma sa a yi shela kafin masu rabon magani su iso, don kada su tarar da ƙofa a rufe. Daga malami ana neman littafi guda: sunan kowace unguwa, da kududdufanta, da gidajen da ba su da gidan sauro, da yaran da su ka rasu da zazzaɓi a kowane wata. A rubuta gaskiya ko ba ta da daɗi, gama da wannan lissafi ne za a san inda za a kai taimako, da shi ne kuma hakimi zai gane da kaka ko aikin ya yi amfani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya yaran ƙasa, ya taimaki sarakuna. Haza wasalam.